Yadda Malam Loc Ya Sami Yaya

Malam Loc maƙwabcina ne. Katanga ɗaya ta raba mu, kuma katangar ba ta da kauri, don haka rabin abin da zan faɗa ban tambayi kowa ba, shi ya zo kunnena da ƙafarsa. Sauran rabin kuwa a gaban teburina aka yi shi.

Da ya ajiye koyar da lissafi a sakandare, tsaransa na layinmu suka kama kiwon tsuntsaye da buga dara a bakin kogi. Shi sai ya kama kwamfuta. Akwai wasu yara a nan Can Tho da Saigon, har da na ƙasashen waje, da suke haɗa wata kalandar waya ta kyauta, irin manhajar nan da cikinta a buɗe yake, kowa ya leƙa, wanda ya iya ya ƙara nasa. Duk sabon shiga sai su haɗa shi da jagora. Jagoran ya riƙa duba aikinsa, in ya yi kyau ya danna ya karɓa, in bai yi ba ya maido masa da abinsa.

Aikin da Malam ya ɗauka shi ne wanda zai riƙa tuna wa mutum ranar rasuwar iyayensa da kakanninsa bisa lissafin wata, don a dafa musu abinci a kunna turare a kan lokaci. Aiki ne mai amfani. Ni kaina na san gida uku da suruka ta manta ranar, kuma na san abin da aka ce mata, sai dai ba shi ya kawo mu ba.

Shi da jagoransa ba su taɓa ganin juna ba. A ƙa'idarsu komai da Turanci ake rubutawa saboda na waje, kuma kowa da laƙabinsa. Malam shi ne Tarwaɗa, jagoran kuma Barkono. Turanci kuwa yare ne da ba ya tambayar shekaru. Kalmar da za ka kira jariri da ita, da ita za ka kira kakanka.

Barkono ba shi da sauƙi. Na sha jin Malam yana karanta wa matarsa Lanh saƙonninsa.

"Lanh, zo ki ji. Wai, 'Wannan ba daidai ba ne. Sake.' Ko gaisuwa babu."

"To ka bari mana."

"In bari? Duk zamana a makaranta ba wanda ya taɓa gaya mini gaskiya haka. Wannan babban injiniya ne. Daga jin maganarsa ka san ya manyanta."

"Kai da furfurarka, wani ƙato yana zaune a Saigon yana ba ka maki."

Haka suka yi wata shida. Sai taron shekara na yaran ya zo, bana kuma a Can Tho, a zauren wata kwaleji. Phat, jikan yayata, shi ne mai shirya taron, shi ya ba ni teburin kofi da burodi a bakin ƙofa. Tsarin shi ne da ƙarfe uku kowane ɗan koyo zai hau ya nuna aikinsa a babban allo, jagoransa kuma ya danna karɓa a gaban kowa. Malam ya goge farar rigarsa. Ya sa Lanh ta zo, ita kuma ta jawo ƙawayenta biyu, waɗanda na san ba don kalanda suka zo ba.

Kowa da kati a wuya ɗauke da laƙabinsa. Tun safe Malam yake zagaya zauren yana leƙa ƙirjin duk wani mai tumbi da tabarau. Bai same shi ba. Ya gaji ya zo wurina shan kofi. Gefensa wata 'yar siririyar yarinya ce tsaye, hular babur rataye a hannu, tana zuƙar kofi mai ƙanƙara da tsinke. Ba ta fi ashirin da huɗu ba.

Ya karanta katinta. Ya cire tabarau, ya goge, ya sake karantawa. Ita ma ta karanta nasa. Tsinken ya faɗo daga bakinta.

Nan take ta ajiye kofin, ta harɗe hannu a ƙirji ta sunkuya. "Ina kwana, Baba."

"Ke ce Barkono?"

"Ni ce, Baba. Sunana Tuyen."

Malam ya yi dariya. Ba shi da girman kai, wannan kam zan ba shi. "To madalla, 'yata. Kin duba na ƙarshen da na turo?"

"Na duba, Baba."

"Me kika gani?"

Ta dubi takalminta. "Baba ya yi ƙoƙari sosai."

Ya tafi yana murmushi ya je gaya wa Lanh. Yarinyar kuwa ta zube a kujerata ba tare da na ce ta zauna ba. Phat ya iso yana tambaya ko lafiya.

"Ba lafiya ba. Aikinsa ya karye. Da safen nan na gani, na ce in na zo zan gaya wa Tarwaɗa baki da baki. Na ɗauka wani ɗan jami'a ne mai taurin kai."

"Ina ya karye?"

"Ka san a lissafin watanmu, wasu shekarun wata ɗaya yakan maimaita kansa. Bana watan shida sau biyu zai zo, ko ba haka ba? To abin nasa bai san wanne zai ɗauka ba, sai ya ɗauki duka biyun. Kuma misalin da zai nuna na mahaifinsa ne, a watan shida ya rasu. Zai hau gaban mutum ɗari biyu ya nuna musu mahaifinsa ya rasu sau biyu."

Phat ya yi dariya har kofi ya fito masa ta hanci.

"Ba abin dariya ba ne," in ji ta. "In na danna karɓa, duk yankin nan a yanka kaji sau biyu. In ban danna ba, na kunyata tsoho a gaban matarsa."

"To ki gaya masa yanzu, akwai lokaci."

"Kai ka gaya masa."

"Ni? Shi ya koya mini lissafi. Har yau in na hango shi sai na soke rigata cikin wando."

Na ce mata, "Ki rubuta masa a waya mana, yadda kika saba."

"Na gwada da Turancin, Inna. Ina rubuta 'Sake' sai in ga furfurarsa."

"To rubuta da yarenmu."

Ta daɗe tana rubutu tana gogewa. Da ta gama na ce ta karanta mini, don idona ba ya son ƙananan baƙaƙe. Ga abin da ta rubuta: tana gaida Baba da girmamawa, tana fatan Baba da iyali suna lafiya, aikin Baba ya burge 'yarsa ƙwarai, in Baba ya sami sarari ko zai ɗan waiwayi watan shida, ba don akwai wani abu ba.

Ta tura. Muna hango shi daga can ƙarshen zaure. Ya karanta, ya nuna wa Lanh, ya nuna wa ƙawayen Lanh, sannan ya ɗaga mana babban yatsa.

Tuyen ta kifa kai a kan hular babur.

Ni dai tun ɗazu kunnenta nake kallo. Irin kunnen nan ne mai faɗi da ya ɗan karkato gaba, kuma na san inda ake shuka irinsa.

"Ke 'yar ina ce?"

"Saigon, Inna."

"Ba wanda yake ɗan Saigon. Ubanki daga ina?"

"Phong Dien. Nghia sunansa, yana gyaran injin kwale-kwale."

"Auta Nghia? Ɗan tsoho Canh?"

Ta ɗago kai. "Inna ta san kakana?"

Wa bai san tsoho Canh ba? Mutumin da matarsa ta rasu yana da jikoki, ya sake aure yana kusan sittin, aka haifi Nghia, duk ƙauyen suka zauna suna ƙirga watanni a yatsa. Lissafin ya fita daidai, amma da ƙyar. Ina yarinya nake bin uwata gidansu yin girkin ranar tunawa. Nghia ma ya gaji ubansa, bai yi aure ba sai da gashinsa ya fara gudu.

Na ce wa Phat ya kira mini Malam.

"Malam, kakanka na wajen uba, wa sunansa?"

"Thin. Me ya faru?"

"Wansa fa?"

"Canh, na Phong Dien. Ai ba ma zuwa can tun rigimar bishiyar mangwaron nan."

"To ga jikarsa."

Malam mutumin lissafi ne, bai yarda da bakina ba. Ya tambaye ta sunan uba, sunan kaka, gefen kogin da gidan yake, da ko mangwaron yana nan. Ta ce yana nan, amma ba ya 'ya'ya. Ya buɗe hannun dama ya ƙirga: Canh, Nghia, Tuyen. Ya buɗe na hagu: Thin, mahaifinsa, shi. Hawa ɗaya suke. A al'adarmu kuma kowa ya sani, a dangi ba a duba furfura, layi ake dubawa. Jikan wa shi ne babba a kan jikan ƙane, ko da jiya aka yanke masa cibiya.

Malam ya gyara tsayuwa. Ya ɓalle maɓallin wuyan rigarsa. Ya harɗe hannu a ƙirji, ya sunkuya.

"Yaya, ƙaninki yana gaishe ki. Ban sani ba, a yi haƙuri."

Saura kaɗan yarinyar ta shige ƙarƙashin teburina. "Baba, don girmanka..."

"Ba Baba. Kar a ji wannan a Phong Dien, a ce bayan mangwaro mun ƙara da raini."

Na zungure ta da cokali. "Kira shi da sunansa. Ƙaninki ne."

Ta dubi Malam. "Loc," in ji ta, kamar mai haɗiye ƙayar kifi.

"Na'am, Yaya."

"Watan shida."

"Na ga saƙon Yaya, na gode ƙwarai."

"Ba yabo ba ne." Ta ja numfashi. "Aikinka ya karye. Ɗauko kwamfutar."

Fuskar Malam ta washe kamar an ce ya ci jarrabawa. "Yauwa," ya ce wa Phat. "Ka ji muryar. Wannan shi ne Barkono."

Suka ture mini kofuna suka kafa kwamfuta a kan teburin. Ta nuna masa mahaifinsa kwance sau biyu a allo, ya dafe kai ya ce da tsohon yana da rai da ya rasu na uku. Ita ba ta taɓa madannai ba, wai a ƙa'idarsu jagora ba ya rubuta wa ɗan koyo, nuni kawai yake yi. To nunin kuwa ta yi shi.

"Ba nan ba. Sama. Wa ya koya maka haka?"

"Ke, Yaya. A watan jiya."

"To na yi kuskure. Goge."

"Duka?"

"Loc, kana son ka tsaya gardama ko kana son ka gama?"

Rabin masu zuwa shan kofi tsofaffin ɗalibansa ne. Wani ya zo daidai lokacin da take ce masa ya daina karkace baya ya zauna daidai. Yaron ya juya ya tafi bai ɗauki kofinsa ba. Ba a jima ba sai ga su suna zuwa bibbiyu, kowa wai sukari ya zo ƙarawa.

An ci abincin rana ba su tashi ba. Gyaran farko ya sa mahaifin bai rasu ba sam. Na biyu ya kai shi watan bakwai. Suna cikin na uku aka kira Tarwaɗa a lasifika, ya ɗauki kwamfutar a buɗe ya nufi dandamali, ita tana bin sa tana cewa bai gwada ba tukuna.

Na bar wa Phat teburin na tsaya a bakin ƙofa. Malam ya sa sunan mahaifinsa da ranar, ya zaɓi bana, ya danna. Allo ya yi ɗan tunani. Rana ɗaya ta fito, a watan shida na farko, inda ya kamata.

Da wani ne sai ya karɓi tafinsa ya sauka. Shi sai ya riƙe lasifika ya gaya wa zauren kaf yadda abin yake da safe, mutane suna ta dariya. Ya ce ba don yayarsa ba da ya ji kunya yau. "Yaya, ki tashi a gan ki."

Kowa ya waiga yana neman tsohuwa. Wasu ma ni suka kalla. Tuyen ta miƙe, fuska ja kamar laƙabinta, ta danna a wayarta, aikin ya shiga. Aka ga sunan Tarwaɗa ya hau cikin jerin masu kalandar.

Ina tattara kofuna sai ga Lanh da ƙawayenta a baya.

"Maƙwabciya, wace yaya ce wannan? Mijina ba shi da ya."

Na ƙirga mata a yatsa kamar yadda mijinta ya yi. Ta bi yatsun da ido har ƙarshe.

"To ni fa?"

"Ke matar ƙaninta ce."

Sai ga Malam ya taho da Tuyen. Yarinyar ta fara harɗe hannu za ta ce Inna, Malam ya yi gyaran murya, ta saki hannun. Aka tsaya. Ƙawayen nan biyu suka matso kusa don kar wani abu ya wuce su.

Lanh ta dube ni, irin kallon da zan biya bashinsa daga baya. Sannan ta sa jakarta a hammata, ta harɗe hannu, ta ɗan sunkuya iya abin da wuyanta ya yarda.

"Yaya, an sha hanya."

"Lafiya lau," in ji Tuyen, murya can ƙasa.

Lanh ta ɗago, ta ƙare wa yarinyar kallo, ta dubi mijinta da yake tsaye a ladabce, hannu a baya. Na ga tunani ya shigo mata.

"Yaya, tunda ke yake jin maganarki. Famfon kicin ɗinmu tun damina yake zuba."

Tuyen ta juya. "Loc."

"Gobe da safe, Yaya."