Igiyar da Tugdual Ya Cafe

Dokar tseren nan guda ce, kuma babu wanda bai haddace ta ba a garinmu: mutum ɗaya, jirgin ruwa ɗaya, iska kaɗai ke tura ka, ka kewaye duniya ka dawo inda ka tashi. Ba ka taka ƙasa, ba wanda zai miƙo maka ko allura. Kana iya kiran gida a gaya maka yadda ake gyara abu, amma hannun da zai yi gyaran naka ne. Tugdual Kervadec ya fi kowa sanin wannan doka, don sau biyu yana shiga tseren, sau biyu teku na karya masa jirgi ya dawo gida ta jirgin sama. Wannan ne na uku, kuma gwiwoyinsa sun riga sun sanar da shi cewa babu na huɗu.

Shi ba zuwa na ɗaya ya fita nema ba. Samarin da ke gaba da sababbin jiragensu sun yi masa nisan da ko a mafarki ba zai kamo su ba. Burinsa bai wuce ya shigo mashigin tasharmu ta jiragen ruwa da jirginsa ba, jama'a tsaye a kan katangu hagu da dama, shi kuma riƙe da jar wutar murnar isowa a hannu bibbiyu, a rubuta sunansa cikin waɗanda suka gama. Ko shi ne na ƙarshe, oho.

'Yan jarida kuwa tun bai yi nisa da gaɓar Faransa ba suka manta da shi. Ƙanwarsa Rozenn ce ta ajiye aikinta na koyarwa ta koma bin su tana roƙo, kuma duk haushin da suka ba ta, a kansa take saukewa ta waya.

"Yaya, wannan wane irin hoto ne ka turo? Ruwa ne kawai da ƙafarka."

"To me zan turo? Nan ɗin babu komai sai ruwa da ƙafata."

"Ka yi magana mana! Ka yi waƙa, ka zagi teku, ka yi wani abu. Yaron nan na gaba safarsa ce fa ta jiƙe ya yi hawaye, aka nuna shi a labaran rana."

"Tawa safar tun da na wuce Afirka ba ta bushe ba."

"To su za ka gaya wa, ba ni ba! Masu kifin gwangwanin nan da suka ɗauki nauyin tafiyarka sun sake kira. Sun ce sunan kamfaninsu na jikin ƙyallen jirginka, amma tsuntsaye kaɗai ke karantawa."

A can kudu, inda ruwa ke da sanyin ƙanƙara, guguwa ta same shi. Ba ta kifar da shi ba, amma ta ɓalle titin ƙarfen da babban ƙyallen kama iska ke bi ya hau jigo, dogon sandan nan na tsakiyar jirgi, can kusa da ƙololuwa. Ƙyallen ya daina wuce rabi, kuma da rabin ƙyalle ba a tsallake abin da ya rage na duniya. Hawan jigon a tsakiyar teku kuwa neman mutuwa ne. Sai dai doka ta yarda mutum ya fake a bayan tsibiri ya jefa anka, ƙugiyar ƙarfen da ke riƙe jirgi a ƙasan ruwa, muddin bai sauka ba, bai karɓi taimako ba. Akwai wani ɗan tsibiri a gabansa, dutse ne tsagwaronsa, babu mai zuwa sai masuntan tsibirin Réunion masu kamun manyan jatan lande. Can ya nufa.

Ya iso da hantsi, ruwa kwance luf, iska ta yi barci. Har ya ɗaura ɗamarar hawa sai ga Rozenn a waya.

"Kada ka hau tukuna! Talabijin na so. Kai tsaye, Yaya, a labaran rana, duk ƙasa na kallo. Ka ɗaura kyamara a hular kwanonka kawai."

"Ranarku ai la'asar ɗina ce. Iska na juyawa da la'asar."

"Haba, ɗan jira ne fa. Wata nawa ina durƙusa wa mutanen nan? Yau su suka kira ni da kansu."

Ya dubi sama, ya dubi ruwa. Duk wani matuƙi zai gaya maka ba a ba teku ajiyar lafiyarta a ce za a dawo a karɓa, kuma Tugdual ya san haka sarai. Amma tausayin ƙanwarsa ya kama shi, kuma a faɗi gaskiya, shi ma ransa na so a gan shi ko sau ɗaya. Ya kwance ɗamarar ya dafa kofi.

Da la'asar ya hau. Jigon ya kai tsawon bene mai hawa da yawa, jirgi ya ɗan motsa a ƙasa, shi a sama sai ya ji kamar an kaɗa shi a majajjawa. Ya huda, ya shafa gam, ya ɗaure ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, mai gabatar da labarai na zuba masa tambayoyi a kunne.

"Kyaftin, a wannan lokaci mai tarihi, me kake ji a ranka?"

"Sanyi," in ji Tugdual.

Aka kwashe da dariya a ɗakin labarai, suka ce tsohon nan akwai ban dariya. Ya ɗaure ƙusar ƙarshe, ya jijjiga ƙarfen, ya ji shi daram. Daɗi ya kama shi har ya fara yi musu bayani. A nan ne ya leƙa ƙasa. Dutsen da ya bari can nesa a bayan jirgi yanzu ga shi nan a gefe. Iska ta juya, anka kuma ashe ba ƙasa ta kama ba, ciyawar teku ce, ta tsinke.

Bai san yadda ya sauko ba, sai dai ya ga fatar tafinsa ta saɓule. Injin jirgi a ɗaure yake da hatimin alƙalan tsere tun ranar tashi. Ya ruga goshin jirgi ya fara warware ƙaramin ƙyalle. Ƙyallen ya buɗe rabi, iska ta fara shigarsa, jirgin ya fara jin magana. Da zai tsira da kansa ko da ba zai tsira ba, har yau ana musu a kan wannan a mashayar bakin tasha, kuma babu wanda zai taɓa sani. Domin a daidai nan ne wani kwalekwale mai inji ya ɓullo daga bayan dutse, wani ƙaton masunci a tsaye a ciki, ya daka tsawa, "Kama!" ya wurgo igiya.

A wajenmu yaro na koyon wannan tun bai koyi karatu ba: in an jefo maka igiya, ka cafe, ka ɗaure, tambaya sai daga baya. Tugdual ya sha mari a hannun ubansa a kan igiyar da ya bari ta faɗa ruwa. Hannun nan bai shawarci kowa ba. Ya cafe, ya naɗa a turken ƙarfe, ya ƙulle, tsaf kamar a makarantar koyon tuƙi. Kwalekwale ya ja, goshin jirgi ya kauce wa dutse. Sai a lokacin kansa ya farka, ya tuna doka: igiyar nan taimako ce. Ya kwance igiyar ya yar kamar ya taɓa garwashi.

A kunnensa mai labarai na ihu, "An cece shi! Jama'a, kun gani da idonku, an cece shi!" Can ƙasa-ƙasa kuma muryar Rozenn ta shigo.

"Yaya, kashe kyamarar."

Ya kashe, amma aikin gama ya gama.

Washegari da safe, bayan ya sake jefa anka a wuri mai yashi, ta kira. Ba ta yi masa tsiya ba, kuma wannan ya fi komai tsorata shi.

"Alƙalai sun zauna. Sun ce sun yi baƙin ciki ƙwarai."

"Na sani."

"Sun ce kana iya ci gaba da tafiya in kana so, amma ba a cikin tsere ba. Sun mayar da sunanka ƙasa, cikin waɗanda suka fita." Ta ja hanci. "Duk ƙasa maganarka ake. Masu kifin gwangwani har furanni suka aiko mini. Ni na sa ka jira, Yaya. Da ka hau da hantsi..."

"Ke kika jefo igiyar? Ke kika cafe? Je ki ci abinci, Rozenn."

Ya ajiye waya ya tafi ya ja babban ƙyalle, don kawai ya gani. Ƙyallen ya hau sumul har ƙololuwa, ko ƙara bai yi ba. A duk rayuwarsa bai taɓa yin gyara mai kyan wannan ba. Jirgin lafiyarsa ƙalau, zai iya kai shi gida, ya shiga mashigi wata ranar Talata da babu kowa a kan katanga. 

Yana tsaye sai ga kwalekwalen jiya. Ƙaton masuncin ya kashe inji ɗan nesa kaɗan, bakinsa har kunne.

"Kyaftin! Ka kwana lafiya? Ni ne na jiya, Philogène sunana. Ka san matata ta gan ni a talabijin? Ta ce na yi ƙiba!"

"Na gode da jiya," in ji Tugdual.

"Haba, ai ba komai. Maigidanmu ne ma yake ta faɗa, wai ku ba a ba ku komai, ko ruwan sha. Na ce masa ni me na ba shi? Igiya ce, kuma ya mayar mini da abata." Ya ɗago wani ƙunshi yana kaɗawa. "Jatan lande ne, yanzu aka sauke daga wuta, da burodin safe. Na ce dai bari in tambaya, kada in ja maka matsala. An yarda?"

Tugdual ya dubi mutumin, ya dubi tururin da ke fita daga ƙunshin. Wata da watanni bai ci komai ba sai garin abinci da ake zuba wa ruwan zafi. Ya buɗe baki zai faɗa masa cewa igiyarsa ta riga ta fitar da shi daga tsere, sai ya ga babu amfanin mutum biyu su kwana da baƙin ciki ɗaya.

"Jefo," ya ce.

Philogène ya jefo, hannun nan ya cafe. Tugdual ya zauna a gindin jigo ya ɓare ya ci. Abin ya yi daɗi ƙwarai, yana ci hawaye na zuba a kan burodin.