Shafukan da Ba a Tsaga Ba

Malam Iro ba ya karanta gabatarwar littafi. Ya sha amsa wannan laifi yana dariya, ya ce duk mai gabatarwa ɗan rakiya ne da ya fi amarya kwalliya. Shekara talatin yana koyar da Faransanci a Katsina, halin bai taɓa jawo masa asara ba.

Littafin da ya fi so a Maraɗi ya saye shi, tsohon bugu irin wanda shafukansa ke zuwa a haɗe, sai an tsaga da wuƙa. Ya tsaga duka ban da na gabatarwa. Wani Bafaranshe ne ya rubuta littafin, sojan da ya dawo daga yaƙin duniya na farko kunnensa na ƙara, hannunsa na rawa. Haka mahaifin Iro, Babaji, ya dawo daga yaƙin Bama: in tulu ya fashe a tsakar gida sai a same shi ƙarƙashin gado. Mutanen unguwarsu, Ƙofar Durbi, suka ce iska ce. A littafin nan Iro ya fara gane ubansa, bayan an binne shi da shekara shida.

Shi ya sa ya fassara shi. Shekara goma sha ɗaya yana yi, ya kuma rubuta a shafin farko: Ga Babaji.

Ranar da za a kai wa mai ɗab'i, 'yarsa Na'ima, wadda ta buga masa aikin a kwamfuta, ta same shi a zaure bayan la'asar.

"Baba, shekarar haihuwar marubucin na shiga nema a waya, saboda bangon baya. Kun san abin da mutumin nan ya yi daga baya?"

"Ya tsufa, ya mutu. Duk haka muke yi."

"Ya rubuta ƙasidu uku yana cewa a kawar da Yahudawa. Da 'yan mulkin kama-karya suka karɓi ƙasarsu, har tafi ya yi musu."

"Waya kuma? Ita ce ta ce bara na mutu."

"To ku duba naku littafin. Ga gabatarwar nan a ɗinke kamar bakin buhu."

Ya aika ta ɗauko wuƙar yanka albasa. Takardar ta tsufa, tana zubar da gari a kan rigarsa.

Komai yana ciki. Marubucin ya dawo daga yaƙi yana neman wanda zai ɗora wa ciwonsa, ya samu. Akwai maƙwabcinsa Bayahude, malamin makaranta, mai 'ya'ya mata biyu. Marubucin ne ya rubuta wa hukuma wasiƙa a kansu, da Faransanci mai kyau. Aka sa su a jirgin ƙasa zuwa sansanin kisa, ba wanda ya dawo.

Iro ya cire tabarau. Bai taɓa ganin Bayahude ba. Amma ko makon jiya da wannan suna ya kira mai gyaran babur ɗinsa, 'yan majalisa suka yi dariya, shi ma ya ji daɗin maganarsa.

"Kakanki ma hannunsa ya yi rawa," ya ce. "Ko kaza bai iya yankawa ba."

"A fasa ke nan?"

Ya daɗe yana kallon tulin takardun. Fasawa ta fi ƙarfinsa, ya kuma san haka. Ya ɗauki biro ya ja layi a kan sunan Babaji, a hankali, kamar mai rufa wa mai barci mayafi.

"Ba zan kwantar da shi ɗaki ɗaya da wannan ba. Sa sunan malamin. Shi ya fi cancanta."

"Yaya sunansa?"

Iro ya mai da tabarau, ya bi gabatarwar da yatsa daga farko har ƙarshe, ya sake bi. Shafi goma sha shida ce. Ba a rubuta sunan malamin ba.