Matakalar Kifi

Tururuwa Nevena ta fara gani, sun cure a kan wani busasshen ganye, ruwa yana juyi da su. Matakalar da aka gina don kifi ya riƙa haye madatsar cike take da ruwa, amma ciyawar da ke tsaye a tsakiyarta har ta yi fure.

Banki ne ya turo ta daga birnin Plovdiv ta duba wannan ƙaramar madatsar lantarki ta ƙauyensu. In ta rubuta cewa aikin kore ne, wato bai ɓata muhalli, masu zuba jari za su kawo inji na biyu. In ba ta rubuta ba, su janye. Mai madatsar kuwa Stoimen ne, aminin marigayi mahaifinta.

"Ke 'yar boko, ci banitsa tukuna, kin rame kamar sandar fatsa," in ji shi, yana miƙo mata gurasar cukun a ƙunshin takarda da ya jiƙe da mai. "Ga ruwa, ga matakala, yadda masu kafa dokoki na Brussels suke so. Kin ga hayaƙi a nan?"

"Ban gani ba, Baffa."

"To kore ke nan."

"Ƙa'idar ba ta tsaya ga hayaƙi ba. Sai an tabbatar kogin ma bai cutu ba." Ta sunkuyar da kai. "Yaushe ka buɗe ruwan nan?"

Ya yi dariya. "Kifi ne ya kai ƙarata?"

"Ciyawa ce. Irinta ba ta fure a cikin ruwa."

Dariyar ta ɗauke. Ya dubi furen, ya daɗe.

"Da asuba," ya ce. "Ruwan da ya bi matakala ba ya juya inji, Nevena. In na sake shi da rani, injin tsayawa yake yi."

"Na sani. Amma a can ƙasan madatsar ka koya mini kama kifi da hannu, Baffa. Ɗazu na wuce wurin, duwatsu ne zalla."

"Me za ki rubuta?"

"Abin da na gani." Ta ɗago kai ta dube shi. "Zan dawo lokacin kaka. In na tarar ciyawar ta ruɓe, kifi yana hawa, sai in sake rubutu."

Stoimen ya ɗora hannu a kan ƙarfen da ake murɗawa a rufe ruwan. Nevena ta zuba wa hannun ido. Can sai ya ɗauke hannun bai murɗa ba, ya ajiye banitsar a kan katanga kusa da jakarta, ya gyara hularsa. Ya bi hanyar ƙauye a hankali, bai waiwayo ba, ruwan yana ta gangara a matakalar.