Kunun da Umma Ta Dama

Zakiyya ta kai kofin kunu bakinta ke nan ta lura Umma ta kafe ta da ido, irin kallon da mai tuya ke yi wa ƙosai kada ya ƙone. Mahaifiyarta ce, ta san ta sarai, baiwar Allah ba ta iya ɓoye abu ba. Ta sauke kofin.

"Umma, me kika sa a ciki?"

"Tsamiya da sukari mana. Me zan sa?"

Amma ga katin magani nan ya leƙo daga ƙullin zanenta, an ɓalle ƙwayoyinsa.

Tun watan jiya Umma ta taso daga Malumfashi ta tare a ɗakinsu na haya a Orozo, tana jiran jego. Ciki ya kai, naƙuda shiru. Haihuwar fari aiki aka yi wa Zakiyya kafin a ciro Kauthar, wannan ma likita ya ce jibi za a shiga da ita tiyata. Tun da Umma ta ji haka abinci ya daina wuce mata.

Maƙwabciyarsu Justina, wadda ke laɓe a bakin ƙofa da bokitin wanki, ta shigo da fara'arta.

"Maman Kauthar, ba wahala fa. Shi ne suka ba ni a asibiti lokacin yarona. Small tablet kawai, bakin mahaifa ya yi taushi, pikin ya fito. Ni ne na saya ma Mama a kemis."

Ran Zakiyya ya ɓaci. Ai ta san maganin. Ita da bakinta ta roƙi likita ya ba ta, don ita ma ba son wuƙa take ba. Ya ce magani ne mai kyau, yana tausasa bakin mahaifa ya taso da naƙuda, amma a gadon asibiti ake ba da shi, ana sauraron bugun zuciyar jariri. Mai tsohon ɗinki irinta kuwa, yana iya yaga mata mahaifa.

Ta faɗa musu haka. Umma ta taɓe baki.

"Likita ne ya halicce ki? Dukanku a ɗaka na haife ku, ko tarina ba wanda ya ji. Can gida har guna-guni ake, wai 'yata raguwa ce, ba ta iya haihuwa sai an farke ta." Sai muryarta ta karye. "Ni na zauna a ƙofar ɗakin nan wancan karon, Zakiyya. Na ga yadda aka turo ki kamar gawa. Wallahi ba zan iya sake gani ba."

Tausayi ya kama Zakiyya, amma bai sauke mata fushin ba. Ta dafa bango ta miƙe, ta ɗage rigarta, ta kamo hannun Umma ta ɗora a kan tabon da ya ratsa ƙasan cikinta.

"Taɓa ki ji. Nan zai ɓalle, ni da abin da ke ciki mu tafi tare. In kin koma ki ce musu e, raguwa ce. Raguwa mai rai, mai goyon 'ya'yanta. Wadda ke son a yaba mata jarumta ta zo ta shanye."

Ba wadda ta taɓa jin ta ɗaga wa Umma murya. Justina ta sunkuyar da kai tana murza kunnen bokiti.

Zakiyya ta fita tsakar gida ta sheƙar da kunun a gindin famfo. Ta kira mijinta Lukman a ma'aikatar da yake tuƙi, ta ce ya same ta a asibiti, ba za ta ƙara kwana inda sai ta shinshina abincinta ba. Ta saɓa jakar kayan haihuwa ta nufi ƙofa. Umma na tsaye, Zakiyya ko kallonta ba ta yi ba.

Sai ga akuyar mai gidan hayar ta taho tana jan tsohon cikinta, ta nufi kunun da ya malale, ta miƙa baki.

Umma ta zabura da gudun da ba a san tana da shi ba, ta cire takalmi ta wurga mata.

"Ke, tafi can! Justina, kore ta, kada ta lasa! Ciki gare ta!"

Akuyar ta yi waje. Umma ta tsaya da takalmi a ƙafa ɗaya, tana kallon kunun, ta ɗago ta kalli cikin 'yarta.

Sannan ta sa ƙafa ta turbuɗe wurin da ƙasa, ta kwance katin daga zanenta ta jefa a murhu.

"Justina, in an tashi makaranta ki ɗauko Kauthar." Ta ƙaraso ta zare jakar daga kafaɗar Zakiyya. "Kawo nan. Ke da ba a son ki ɗauki nauyi."