Rajistar Usaina

Karo na uku ke nan Safiyatu ta danna "aika", shafin rajista na kwamfuta ya dawo da jan rubutu: an riga an yi wa wannan yarinya rajista.

Ita ce ma'aikaciyar ƙaramin asibitin da ke bayan Bagwai. A gabanta Kaltume na zaune da tagwayenta. Hassana na ta wasa da murfin biro. Usaina kuwa tana kwance a cinya, zawo ya tsotse ta, awon damtsenta ya faɗa ja, alamar tamowa mai tsanani. Sai sunanta ya shiga shafin kafin mai sito ya ba da abincin masu tamowa.

Da Safiyatu ta sa lambar wayar uwar, sai gurabun su cika da kansu da sunan Hassana da nauyinta. Ta goge, ta rubuta na Usaina, ta aika. Shafin ya ƙi, ya sake zuba na Hassana.

Ta kira Basiru a Kano, wanda ya gina shafin. Ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya ce kashe kwamfuta da kunnawa ba zai yi amfani ba, don a babbar na'urarsu ake tantancewa. Shi ya sa ƙa'idar: uwa ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, to yaro ɗaya ne. Ya yi haka ne don masu karɓa sau biyu.

"Malam Basiru, ba tagwaye a garinku?"

Ya ce wallahi bai kawo su a ransa ba. Zai gyara, amma sai shugabansa ya amince, ranar Litinin. Ga shi yau Alhamis.

Shekara tara Safiyatu tana aikin, ba ta taɓa rubuta abin da ba shi ne ba. Ta dubi Usaina, wadda ko kukan kirki ba ta iya yi. Ta koma gurbin ranar haihuwa, ta mai da sha biyu sha uku, ta aika. Shafin ya nuna kore.

Ta rubuta ainihin ranar a bayan katin asibitin Usaina, ta sa hannu, sannan ta gaya wa Kaltume cewa a wurin na'ura, Usaina ta zo duniya kwana ɗaya bayan 'yar'uwarta.

Kaltume ta gyara goyo, ta karɓi katin.

"Ba komai, Malama. Da ma a komai ita ce ta baya."