Jiniyar Santa Librada

Ran da sojan ruwa suka karɓe Santa Librada, jirgin dakon kaya a kogi, lemo ne maƙil a cikinta. Suka zubar da shi a tashar Asunción ya ruɓe, suka shafe sunanta da fenti ruwan toka, suka kafa mata wata tsohuwar igwa da ba ta taɓa tashi ba. Yaƙin Chaco ne, an ce ƙasa na bukata.

Matuƙinta, Eleuterio Cabañas, aka bar shi a kan sitiyari, aka ɗora masa Laftanar Insfrán, ɗan gata mai ƙamshin turare, wanda kogi ma na kwance yake sa shi amai.

A wannan kogi kowane matuƙi da irin busarsa. Ta Eleuterio gajeru biyu ce da doguwa, in ya zo daidai garinsu Antequera, sai matarsa Fidelina ta fito gaɓa tana kaɗa farin ƙyalle. A shekarar nan, tarin fuka ya kwantar da ita. Kunne kawai ya rage mata.

Da suka zo Antequera, ya kai hannu kan igiyar jiniya ke nan laftanar ya buge hannun.

"Cika, Kyaftin. Abokan gaba za su ji."

"Ranka ya daɗe, suna can jeji ƙishirwa na cinsu. Sai dai in kadoji suka ɗauka leƙen asiri."

"Tsoho, doka ce."

"Matata ce ba lafiya. Busa ɗaya."

"Matar kowa ma ba lafiya."

Suka wuce shiru. Haka suka yi ta yi: su haura da samari suna waƙa, su gangaro da su jere a inda ake jibge lemo, ƙudaje na bin su. Duk wucewa Eleuterio na hangen rufin gidansa.

Sau ɗaya aka busa jiniyar nan a yaƙin, ran da wani kanar ya shigo cin abincin rana a Concepción. Insfrán da kansa ya rataye a igiyar har tururi ya ƙare.

Da aka sallame su, ƙanwar Fidelina, Ña Dominga, ta tare shi a ƙofa. An daɗe da binne Fidelina.

"Ta ce ko mace ka samu a Concepción, ko kogi ya cinye ka. Ta zaɓi kogin, don ta samu ta yi maka addu'a."

An ba jirgin lambar yabo ta tagulla, aka manna kusa da igiyar. Eleuterio bai ƙara jan ta ba. Abin da yake son faɗa wa Fidelina bai kai busa ɗaya tsawo ba: duk jirgin nan mai toka da ya wuce bai gaishe ki ba, ni ne.