Ƙarfin Gwiwar Mijinyawa Tela

Kalma ɗaya ce ta so ta raba Mijinyawa tela da rumfarsa ta kasuwar Boɗinga, kuma matarsa Safinatu ce ta ɗauko ta daga asibiti.

Babur ne ya kayar da shi a hanyar Kajiji, jijiyar gwiwa ta tsinke, aka ɗinke masa ita a birni. Ranar sallama likita ya ce, "Aiki ya yi kyau, saura ƙarfin gwiwa." Safinatu kuwa ba a faɗa mata magana sau biyu. Ta baza labari har Sifawa cewa maigida na neman masu ƙarfafa masa gwiwa. Dangi suka yi ta tururuwa, masu fura da masu addu'a, a shekarar da sabulu ma sai an bi layi. Da ya motsa sai a ce, "Kwanta, Malam, mi kaka so a miƙo ma?"

Ana cikin haka sarkin kasuwa ya aiko: in keken ɗinki bai yi kuka ba kafin Sallah, zai ba wani rumfar. Rumfar mahaifin Mijinyawa ce, abin ya ci masa rai ƙwarai.

Da suka koma asibiti, mai gashin ƙashi ya zagaya cinyoyinsa da tef. Ta dama ta rame da inci biyu. "Ƙarfin gwiwa a naman cinya yake," in ji shi, "kai kuma ka bar shi ya narke."

Tela ba ya musu da tef. Tun ranar ya naɗe tsumma a ƙarƙashin gwiwa, ya danna, ya ƙirga goma, ya saki. Daga nan ya koma ɗaga ƙafar a miƙe. Ya ɗinka 'yar jaka da hannu, ya cika ta da gero, ya ɗaure a idon sawu. Gumi yana zuba, cinya tana kyarma, kowace Juma'a yana awo. Safinatu, da kunya ta rufe, ita ta koma korar 'yan dubiya, ita ke ƙirga masa, ba ta rage ko ɗaya.

Saura kwana tara Sallah ya taka har kasuwa ba sanda. Ya zauna, ya ɗora ƙafa, keke ya amsa. Sarkin kasuwa ya leƙo, ya ce madalla, ya wuce.

Da Mijinyawa ya dawo gida ya iske Safinatu tana zazzage geron jakar cikin turmi, idonta ya kawo ruwa. "Ni na so in kashe ma ƙahwa da wautata," in ji ta.

"Haba, ke!" ya ce. "Likita ƙarfin gwiwa iri guda yas sani. Wanda kinka tara min, shi yaɗ ɗaga jakka."